Daga ina "ma" ta manomi da makaranta ta fito?



Ka tuna ranar da ka fara haɗa baƙi da wasali? Malami ya rubuta m ga allo, ya sa a kusa da shi. Ya ce: m da a, ma. Aji duka ya amsa: ma! Daga nan aka wuce ga mi da mu. Watakila tun ran nan ba ka sake kula ta ba. To, yau kanta za mu zauna. Gaɓa ce ƙarama, harafi biyu tak. Amma tana aiki babba cikin Hausa. Kuma ba Bahaushe kaɗai ke da ita ba. Balarabe na da ita. Ba'abzine na da ita. Mutanen Habasha na da ita. Har mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun yi aiki da ita.

Ɗauki bik da kaye, ka rubuta kalmomi ukun nan:

manomi
makaranta
mabuɗi

Yanzu sa yatsa ka rufe gaɓar farko ta kowace. Mi ya rage? Nomi, karanta, buɗi. Kunnenka ya gane su: noma, karanta, buɗe. Duk ayyuka ne da mutum ke yi. Ashe kalmar aiki aka ɗauka, aka manna mata "ma" ga goshi, sai ta zama suna. Shi ya sa malaman Hausa ke ce ma irin wannan gaɓa ɗafa-goshi. Wadda ake mannawa daga baya kuwa, ɗafa-ƙeya.

AIKI UKU NA "MA"

Aikinta na farko: tana nuna mai yin abu. In namiji ne, kalmar ta ƙare da i. In mace ce, ta ƙare da iya. In suna da yawa, ta ƙare da a.

ɗinka: maɗinki, maɗinkiya, maɗinka
saƙa: masaƙi, masaƙiya, masaƙa
roƙa: maroƙi, maroƙiya, maroƙa
haifa: mahaifi, mahaifiya, mahaifa

Aikinta na biyu: tana nuna wurin da ake yin abu. Inda ake jeme fata, majema. Inda ake rini, marina. Inda dabbobi ke shan ruwa, mashaya. Inda baƙo ke sauka, masauki. Inda hanya ta rabu, mararraba. Ka lura, yawancinsu da a suke ƙarewa, amma wasu da i.

Aikinta na uku: tana nuna kayan da ake aiki da shi. Abin buɗewa, mabuɗi. Abin kullewa, makulli. Abin dubawa, madubi. Abin girbi, magirbi. Abin toshe baki na tulu ko kwalba, matoshi. Jam'insu da ai yake ƙarewa: mabuɗai, madubai, magirbai.

Mutum, wuri, kayan aiki. Riƙe ukun nan da kyau, don za mu sake gamuwa da su har cikin harsunan wasu ƙasashe.

HARAFI KAN JUYA

Wani lokaci kalmar takan ɗan canza kama, har ka kasa gane ta. Dalili shi ne, akwai baƙaƙen da ba su son zama gaban i. In i ta biyo su, sai su juya. T ya koma c. D da z su koma j. S ya koma sh.

rubuta: marubuci
karanta: makaranci
gada: magaji

Ka ga Magaji da Magajiya, sunayen da ka saba ji. Asalinsu mai gado ne. Jam'insu magada, can d ɗin ya komo wurinsa, tunda a ce ke biye da shi.

Ga wata kuma da za ta ba ka mamaki. Maciji. Cire "ma", ka maida j ya zama z. Mi ka samu? Ciza. Maciji dai mai cizo ne. Mutanen da suka raɗa masa sunan sun san halinsa.

In kalmar aikin da wasali ta fara, sai a sa ɗan wakafin sama tsakani, don a maƙogwaro akwai ɗan tsayawa: auna, ma'auni; ajiye, ma'aji; aikata, ma'aikaci. Kar ka manta da shi in kana rubutu.

RUBUTU ƊAYA, MA'ANA BIYU

Nan ne sabon mai karatu ke yawan tuntuɓe. Dubi kalmar nan: maƙera. Faɗe ta da ƙarfi. Mutane kake nufi, ko wuri? Duka biyu suna yiwuwa. In ka ce "maƙera sun zo", muryarka tana hawa, ta faɗa a tsakiya, ta sake hawa. In ka ce "na tafi maƙera", muryarka tana tafiya sama a miƙe, ba faɗuwa. Bakinka ya san wannan tun kana yaro. Amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna hawa da saukar murya. Haka marina, majema, masaƙa, mahauta, magina. Haka ma ma'aikata: ko mutane masu aiki, ko gidan da ake aikin.

Kar ka ce wannan wasa ne. A ce damina ta faɗi. Maigari ya aiko da takarda, aka ba ka ka karanta ma jama'a a bakin masallaci. An rubuta: "Kada kowa ya taɓa makiyaya." In ka faɗa da muryar mutane, jama'a za su ji cewa kar a dami masu kiwo. In ka faɗa da muryar wuri, za su ji cewa kar a ci filin kiwo da noma. Magana biyu ke nan dabam. Kuma ka san abin da gona da burtali ke jawowa tsakanin manoma da masu dabbobi.

To, ina dabara? Dabara ta farko, ka karanta jimla duka cikin ranka kafin ka buɗe baki. Ta biyu, ka dubi ƴan kalmomin da ke kewaye. Wurin da ya ƙare da a, mace ne a nahawu. Mutane kuwa jam'i ne. Saboda haka:

maƙera ce (wuri), maƙera ne (mutane)
makiyayar gari (fili), makiyayan gari (mutane)
ma'aikatar gwamnati (gida), ma'aikatan gwamnati (mutane)

Harafi ɗaya ne ya raba su, r da n. Ko da a garinku ana cewa "makarantag gari", a rubutu r ake sawa: makarantar gari. In kai ne mai rubuta takardar, ka tausaya ma wanda zai karanta. Ƙara kalma ɗaya da za ta fid da shi daga shakka.

HAƊE KO RABE?

Hausa tana da wasu "ma" da ba ɗafa-goshi ba ne. Karanta wannan jimla:

Ni ma na kai ma manomi taki.

"Ma" uku ke ciki. Ta farko tana nufin har da ni. Ita kaɗai take tsayawa. Ta biyu tana nuna wanda aka yi abin dominsa. Mutanen Kano sukan ce "wa" a wurinta: na kai wa manomi. Ita ma rabe ake rubuta ta gaban suna. Ta uku ce tamu, kuma kullum manne take da kalmarta. Ba a rubuta "ma nomi". Ba a rubuta "ma karanta".

Sai kuma "mai" da "masu". Su ma rabe suke: mai noma, masu noma. Akwai ɗan bambanci tsakanin mai ɗinki da maɗinki. Duk wanda ka tarar da allura a hannu, mai ɗinki ne a lokacin. Maɗinki kuwa sana'arsa ke nan, ko yana barci sunansa maɗinki.

LARABCI MA YANA DA ITA

Yanzu mu leƙa waje. Mu fara da Larabci, tunda kunnenka ya saba da shi. Kalmomin Larabci yawanci a kan baƙaƙe uku ake gina su. Daga nan sai a sa m a goshi, da wasalin da ya dace.

Don wuri, ana sa "ma". Kataba, ya rubuta: maktab, wurin rubutu, wato ofis. Darasa, ya yi karatu: madrasa, makaranta. Daga tushen nan muka samu darasi, da madarasa. Sajada, ya yi sujada: masjid, masallaci. Jalasa, ya zauna: majlis, wurin zama. Ita ce majalisa tamu. Gharaba, rana ta faɗi: maghrib. Ita ce magariba. Kuma da sunan nan Larabawa ke kiran ƙasar Maroko, don tana can mafaɗar rana.

Don kayan aiki, ana sa "mi". Fataha, ya buɗe: miftah, mabuɗi. Ka san tushen nan, shi ne cikin sunan Fatiha, mai buɗewa. Wazana, ya auna: mizan. Shi ne mizani.

Don mai yin abu, sau da yawa ana sa "mu". Allama, ya koyar: mu'allim. Bakin Bahaushe ya tauna shi ya zama malam. Aslama, ya miƙa wuya: muslim, Musulmi. Haka mumini, haka munafuki. Sunaye da dama ma da m ɗin nan aka gina su. Muhammadu da Mahamudu daga tushen yabo suke, tushen da ke cikin hamdala. Mubarak daga tushen albarka.

Ka gani? Wuri, kayan aiki, mutum. Aiki ukun nan dai da muka gani cikin Hausa.

ARO NE KO GADO?

Nan wani zai ce: ai shi ke nan, Hausa ta aro daga Larabci. Gaskiya ne Hausa ta ari kalmomi masu yawa daga Larabci, ta hanyar addini da fatauci. Majalisa, magariba, mizani, malam, duk aro ne, da m ɗinsu suka zo. Amma ita "ma" ta manomi ba aro ba ce. Ga hujja uku.

Ta farko: tana cikin tsoffin kalmomin da ba ruwansu da Larabci. Maciji, mahaifi, magaji, maharbi, maƙeri. Waɗannan kalmomin gida ne, na daji da gona da zuriya.

Ta biyu: ko Hausa ta ari kalma, da tata "ma" take gini a kai. Mun karɓi salla, muka yi sallata, muka yi masallaci. Balarabe bai san kalmar masallaci ba. Mun karɓi karatu, muka yi karanta, muka yi makaranta. Shi madrasa yake cewa. Mun karɓi kabari, muka yi makabarta. Shi maƙbara yake cewa. Tubalin na baƙo ne, amma magini ɗan gida ne.

Ta uku: akwai ta cikin wasu harsuna, har da waɗanda aka rubuta tun kafin Larabci ya bazu a duniya.

Mu fara da maƙwabta. Cikin Tamajak, harshen Abzinawa, kiwo "eden" ne, da d mai nauyi. Makiyayi kuwa "amadan". Ka ji m ɗin? A wurinsu, in akwai wani harafin leɓe cikin kalmar, m ɗin yakan koma n. Shi ya sa suke ce ma Musulmi ko malami "aneslem", jam'i "ineslemen". In kai mutumin Tawa ne ko Agadas, tambayi abokin cinikinka, zai ƙara maka wasu.

Yanzu dubi mabuɗi cikin harsuna huɗu:

Hausa: buɗe, mabuɗi
Larabci: fataha, miftah
Ibrananci: patah, mafteah
Amharik na Habasha: kaffata, makfaca

Kalmomin buɗewa ba duka suka yi kama ba. Amma dabarar ɗaya ce: sa m a goshi, ka samu abin buɗewa.

Sai tsohon harshen Masar, wanda aka sassaƙa a jikin duwatsu. Su ba su rubuta wasali, baƙaƙe kawai. Kalmarsu ta awo, masana na karanta ta "khai". Sikeli kuwa "mekhat". An rubuta wannan fiye da shekara 3000 da suka wuce. Mu mun ce auna, ma'auni. Balarabe ya ce wazana, mizan. Bamisiren da ya ce khai, mekhat. Hanya ɗaya dukansu suka bi.

ZURIYA ƊAYA

Mi ya kawo haka? Harsuna ma suna da dangi, kamar mutane. Jama'a ɗaya takan rabu, wasu su yi gabas, wasu yamma. Bayan shekaru masu yawa, maganarsu ta sha bamban, har su daina jin juna. Amma wasu alamun kaka sukan rage, kamar yadda ake gane ƴan gida ɗaya ta zanen fuska.

Masana sun daɗe suna lura da kamar da ke tsakanin Hausa da waɗannan harsuna. A 1947 wani Bafaranshe, Marcel Cohen, ya sa kalmomin Hausa cikin kwatancen da ya yi. Sannan wani ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya tsara harsunan Afirka dangi dangi, cikin shekarun 1950 da kuma littafinsa na 1963. Shi ya yaɗa sunan da ake kiran wannan zuriya da shi: Afro-Asiya, don tana Afirka tana Asiya. Yau ana lissafa mata rassa 6:

1. Reshen Larabci, Ibrananci da Amharik.
2. Reshen Tamajak da ƴan'uwansa na Maroko da Aljeriya.
3. Tsohon harshen Masar.
4. Reshen Somaliyanci da Oromo.
5. Harsunan yankin kogin Omo, a kudancin Habasha.
6. Reshen Cadi, mai harsuna wajen 150 ko fiye.

Hausa tana cikin na shida, kuma ita ce babbarsu wajen yawan jama'a. Buduma na bakin tafkin Cadi ɗan reshen ne. Haka Bade da Ngizim na arewacin Najeriya, kuma su ma suna da "ma" irin tamu.

Ba "ma" kaɗai ce shaida ba. Mun ce mutu, Balarabe ya ce mata, ya mutu. Mun ce suna, ya ce ism. Mun ce "ta tafi" in mace ce. Balarabe ma t yake sawa: taktubu, tana rubutu. Ba'abzine ya ce ma tsoho amghar, tsohuwa tamghart. Irin waɗannan ba a cika aron su a kasuwa ba. Gadonsu ake yi.

Saboda haka Larabci ba uwar Hausa ba ne, Hausa ma ba uwarsa ba ce. Kakansu ne ɗaya. Harshen kakan nan ba a taɓa rubuta shi ba. Lokacin da aka fara rubutu a Masar, shekara 5000 da wani abu da suka wuce, rassan sun riga sun rabu nesa da juna. Ka ga tsufan ƴar gaɓar da ke bakinka ke nan. Amma ka kiyaye: dangantakar harshe dabam, ta jini dabam. Mutum yakan bar harshen kakansa ya ɗauki wani. Hausawa da yawa na yau, kakanninsu wani harshe suka yi.

Zabarmanci, Fulatanci da Kanuri ba su cikin wannan zuriya, ko da yake muna zaune tare. Dubi yadda suke yi. Bazabarme ya ce ma koyarwa cawandi, malami kuwa cawandiko. Bafulatani ya ce ma makiyayi duroowo. Su a ƙeya suke mannawa, mu a goshi.

MI TAKE NUFI TUN FARKO?

Masana da dama suna ganin cewa "ma" ta fito ne daga kalmar tambaya. Mu nan muna cewa "mi?" Mutanen Kano su ce "me?" Balarabe ya ce "ma?" in yana tambayar abu, "man?" in yana tambayar mutum. Cikin Tamajak ma "ma" da "mi" kalmomin tambaya ne. Bisa wannan ra'ayi, da can kalma ce mai zaman kanta, mai nufin "abin da" ko "wanda". Mabuɗi: abin da ke buɗewa. Manomi: wanda ke noma. Yau da gobe, sai ta manne da kalmar da ke gabanta, suka zama ɗaya.

Kai ma ka san yadda baki ke haɗiye magana. Marufi ya zama murfi. "Ranar nan" ta zama "ran nan". Abin da ake yawan faɗi, shi ke saurin gajarcewa.

KALMAR DA TA YI YAWO

Ga labarin wata kalma da ta zaga duniya da m ɗinta. A Larabci, khazana na nufin ya ajiye. Wurin ajiya makhzan ne, jam'i makhazin. Fataken Italiya masu ciniki da Larabawa a tekun Bahar Rum suka ɗauke ta, suka ce magazzino. Faransawa suka karɓa, suka ce magasin. Da suka zo ƙasarmu zamanin mulkin mallaka, suka zo da ita. Bakin Bahaushe ya maida ta mangaza, inda ake tara buhunan gero da gyaɗa da taki.

Bafaranshe bai san "ma" ɗin magasin tana nufin wuri ba, don harshensa ba ya cikin zuriyar. Amma kai yanzu ka sani. Mangaza da ma'ajiya, gini ɗaya ne: m a goshi, ajiya a baya. Ɗaya ta bi ta teku, ɗaya tana gida.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Kar zumuɗi ya sa ka ce duk "ma" da ka gani tamu ce. Masara daga sunan ƙasar Masar ta fito. Mangwaro baƙon suna ne, tare da itacen ya zo. Mage, maiwa, magarya: cire "ma", ba ka samun wani aiki da ka sani.

Haka a wasu harsuna. Cikin Swahili na gabashin Afirka, "ma" jam'i take nunawa: shamba, gona, mashamba, gonaki. Ba danginmu ba ce. Cikin Faransanci, "ma" na nufin tawa. Madame, wadda muke ce ma madan, asalinta "ma dame" ne, wato uwargijiyata. Cikin Kanuri akwai "ma" mai nuna mai abu ko mai sarauta, amma a ƙeya take. Ita ce cikin Galadima, Ciroma da Yarima, sarautun da suka zo mana daga Barno. Mutanen Damagaram sun san su sarai.

To, yaya za ka gane ta gaske? Yi mata tambaya biyu. In na cire ta, ina samun kalmar aiki? Kuma kalmar duka, tana nuna mutum, ko wuri, ko kayan aikin nan? In amsa i ce sau biyu, ita ce.

AMFANINTA GARE KA

Na farko, tana sauƙaƙa karatu. In ka gamu da doguwar kalma, kar ka tsorata. Rufe "ma", ka nemi aikin da ke ciki. Madatsar ruwa: datse. Matattara: tattara. Masarrafa: sarrafa. Kalma ɗaya ka sani, ta ba ka huɗu ko biyar kyauta.

Na biyu, tana haifar da sababbin kalmomi. Da mota ta zo, aka ce matuƙi. Da aka buɗe gidan tace man fetur kusa da Damagaram a 2011, ba a rasa sunansa ba: matata, daga tace, kamar yadda uwargida ke tace koko. A 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa harshen ƙasa. Harshen da zai shiga ofis da asibiti da kotu yana bukatar kalmomi da yawa. Ba dole sai an aro duka ba. Akwai maƙera a gida.

Na uku, tana fid da kunya. Wani zai ce maka Hausa harshen kasuwa ne kawai, ba ta da ƙa'ida, duk aro ce. Ka ba shi amsa cikin hankali. Ka nuna masa mabuɗi da miftah. Ka ce masa ƙa'idar da ka bi ka ce manomi, irinta ce marubutan Masar suka bi tun zamanin Fir'auna. Kana aiki da ita tun kafin ka riƙe bik. Abin da ajin yaƙi da jahilci ya ƙara maka shi ne ganinta da ido.

Allah ya ƙara basira.

AIKI

1. Rubuta mai yi, namiji da mace da jam'i, daga waɗannan: gina, rina, tafi, rubuta.
2. Wane aiki ke ɓoye cikin waɗannan: mafita, mazauni, matsayi, mahaɗa, makwanci?
3. Cika da r ko n: Ma'aikata_ asibiti sun zo. Marina_ Audu tana bakin kasuwa.
4. Gyara wannan jimla: Nima na gaya mama ɗinki.
5. In kana da maƙwabci mai jin Tamajak ko Larabci, tambaye shi yadda suke cewa makiyayi, mabuɗi da makaranta. Rubuta cikin kayenka, ka kawo aji gobe.